Gayaunar Yaya Mamman

Furen na fara gani. Da safe ne, a ƙarshen damina, dawa ta fitar da kai amma ba ta nuna ba, raɓa kuma tana nan a kan ganye. Baba ya aike ni gonar gandu in duba ko shanu sun taɓa gefen gabas, ni kuwa na tafi da littafi a aljihu kamar yadda na saba. Ina cikin ratsa kunyoyi sai na hango wani ɗan tsiro siriri a gindin dawa, ya yi fure ja-ja mai garwaye da shunayya, yana rawa kaɗan in iska ta taɓa shi. Na tsuguna na daɗe ina kallo. Da na ɗaga kai sai na ga ashe ba shi kaɗai ba ne, sun jeru har ƙarshen kunya, kamar an yi wa gonar ado don zuwan wata baƙuwa.

Na san sunansa, kowane ɗan manomi ya san wuta-wuta. Amma na yi shekaru a Funtuwa wurin kawuna ina makaranta, na dawo ƙauyenmu na kusa da Mabai kaina cike da ƙananan littattafan labarai da nake saye a kasuwa, waɗanda a cikinsu saurayi ba ya zuwa wurin budurwa hannu sake, sai da fure. A gonarmu kuwa ban taɓa ganin wannan ciyawa ba, don haka ban taɓa ɗaukarta abin tsoro ba. Abin da kawai ya zo mini a rai shi ne Saude.

Ku 'ya'yana, Sauden nan ita ce mahaifiyarku, kuma na san kun sha jin labarin furen daga bakinta, tana ba ku tana dariya. Abin da ba ku ji ba shi ne sauran labarin. Na daɗe ina jin yadda kuke maganar Baffanku Mamman, yayana, kuna cewa ya gudu daga noma ya bi kuɗin birni, ya bar mahaifinsa da tsufa. Ba laifinku ba ne, haka garin ya faɗa, kuma shi da kansa ya so a faɗa haka. Yanzu da ba ya nan, ni ma ƙafata ta fara nauyi, ina so ku ji yadda abin ya kasance.

Na tsinko furen da yawa, na ɗaure da zaren kaba, na ɓoye cikin riga. Bayan la'asar na wanke ƙafa na nufi unguwarsu Saude, wadda rafi ne kawai ya raba mu da ita. Mahaifinta, Malam Isa, yana zaune a zaure yana tufkar igiya. Na gaishe shi, aka yi mini sallama da ita, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara gyale. Na zaro furen na miƙa mata da hannu biyu, kamar yadda na karanta ana yi.

"Mi ke nan, Malam Sani?" ta ce.

"Fure ne. Na gan shi da safe, na ga ya yi kama da ke."

Ta dube shi, ta dube ni, sai ta sa gefen gyale ta rufe baki.

"Da ni? Wato ni ce mai shanye dawa tun daga saiwa? To na gode. Gara da ka faɗa mini tun ban shiga gidanku ba."

Dariya ta ci ƙarfinta har ta jingina da bango. Ni ma na fara dariyar, don in ta yi dariya ba na iya yin komai sai in bi ta. Amma Malam Isa ya ajiye igiyarsa.

"Miƙo nan in gani," ya ce. Ya juya furen a tafin hannu. "A gonar wa ka tsinko wanga?"

"A gonar gandunmu, Baba."

"Gandun Malam Bawa?"

"I, Baba. Yana nan da yawa."

Ya sake duban furen. Sannan ya ba Saude ya ce kada ta yar da shi a ƙasa, ta kai shi murhu ta tabbata ya ƙone, don irinsa kamar ƙura yake. Da na tashi tafiya ya raka ni har bakin hanya, abin da bai taɓa yi ba, ya ce da ni a hankali:

"Ka gaida Malam. Ka ce da shi ba ni da ja a kanka, ɗiyata ma na ga ba ta da ja. Amma in an yi kaka, ina so a nuna mini gayaunar da za ka riƙe ta da ita."

Sai in yi muku bayanin yadda gidanmu yake a lokacin, don ku kun tashi kun tarar kowa da 'yar gonarsa. Mu a gandu muke. Baba shi ne kan gida, duk mazan gidan muna noma babbar gona tare daga safe zuwa azahar, abin da aka samu ya shiga rumbunan gida, tukunya ɗaya ake ɗorawa. Amma duk ɗan da ya yi aure, Baba zai yanka masa gayauna, wato 'yar gona tasa ta kansa, wadda zai noma da yamma, ya sami na sutura da na cefanen iyalinsa. Namiji mai aure marar gayauna, a wurinmu, kamar baƙo yake a gidan ubansa. Bayan gandu da gayauna kuma akwai saura, gonar da ake bari ta huta. Baba ya gaji wannan daga kakanmu: kullum akwai wani yanki da garma ba ta taɓa shi, gamba ta rufe shi, Fulani su zo da rani su kwantar da shanu a kai. In ya huta sosai a koma masa, a saki wani. Shi ya sa dawar gidanmu take fin ta maƙwabta tsawo, shi ya sa kuma wuta-wuta ba ta san hanyar gonarmu ba.

Amma gida ya cika. Inna ta sha gaya mana cewa a ƙuruciyarta mace kan haifi 'ya'ya da yawa ta binne fiye da rabi, ita ma sai da ta binne kafin Yaya Mamman ya tsaya. Agana ta zo ta ɗiba, ƙyanda ta zo ta ɗiba. Sai aka shiga zamanin da masu lamba suke yawo ƙauye-ƙauye suna tsaga hannun yara, aka gina rijiyar siminti, aka buɗe ɗakin shan magani a Ƙanƙara. Yara suka daina mutuwa kamar da. Yayyena da 'ya'yan ƙanin Baba suka yi aure ɗaya bayan ɗaya, matansu suka haihu, jariran suka rayu, suka yi rarrafe, suka miƙe. Tsakar gidanmu da safe sai ka ɗaga ƙafa kana tsallake yara. Kowane aure kuwa, daga saura ake yanko gayauna. Har ya zamana saura ɗaya ce ta rage, wadda ke gindin ɗinya kusa da rafi, gandu kuma ya daɗe bai huta ba.

Na tuna wata safiya Inna tana ɗibar tsaba a babbar ƙwarya, Baba yana tsaye yana kallo.

"Tukunyarki kullum girma take ƙarawa," ya ce, "gonata kuwa tana nan yadda kakana ya bar ta."

Inna ta nuna yaran da ke kokawa a gindin turmi da tsinin haɓarta.

"To wanne za ka mayar, Malam? Nuna mini shi in yi masa wanka in ba ka."

Baba ya dubi yaran. Wata 'yar Yaya Mamman mai haƙora biyu ta rarrafo ta kama ƙafarsa. Ya sunkuya ya ɗauke ta, ya ce, "Allah shi raya su duka," ya fita da ita a kafaɗa.

Ranar da na kai masa saƙon Malam Isa, na haɗa da labarin furen, bai yi mini faɗa ba. Ya ce in wuce gaba in nuna masa. Yaya Mamman ya biyo mu. A gonar Baba ya tsuguna ya tona gindin dawa da yatsa, ya ciro tsiron a hankali, ya nuna mini yadda saiwarsa ta manne da saiwar dawa tana tsotsa.

"Wanga ba shi fitowa a ƙasa mai ƙarfi," ya ce. "In ka gan shi, ƙasa ce ke gaya maka ta gaji."

"Na fara ganinsa tun bara," in ji Yaya Mamman. "Ina cirewa ina ƙonawa, ban so ka gani ba."

Baba ya dube shi, ya miƙe. Muka yini muna tuge wuta-wuta, muka tara muka cinna masa wuta a bakin gona.

Kaka ta zo, aka ɗaure dammuna aka kwaso. Rumbunan da kan cika har wuya suka tsaya a ƙirji. Wata safiya bayan an sha koko, Baba ya tara mu maza a gindin rumbu. Ya ce ga maganar aurena, ga gandu ya gaji yana neman hutu, ga saura ɗaya. In ya yanka mini gayauna a saurar ɗinya, babu inda za a koma in an saki gandu, kuma daga nan gidanmu ya daina hutar da ƙasa ke nan. In bai yanka ba, ba shi da abin da zai nuna wa Malam Isa. Ya ce ya kwana da abin ya tashi da shi, bai ga hanya ba, amma ba zai bari a ce ɗansa ya rasa mata don rashin ƙasa ba. In ba a sami wata dabara ba kafin ruwa ya sauka, zai sa garma a saura.

A shekarun nan kuɗin mai sun shigo ƙasa. Mu ba mu ga man ba, amma mun ga kwalta tana miƙewa, mun ga samarin da suka tafi Kaduna da buhu a kafaɗa suna dawowa da rediyo da agogo. Manyan motoci kan tsaya a Mairuwa suna kwasar leburori zuwa wuraren gini. Sai na ji zuciyata ta kumbura kamar ta jaruman littattafaina. Na ce ni zan tafi. Zan yi aiki in tara, in dawo in sayi gona da kaina, Saude za ta jira ni ko shekara nawa ne.

Yaya Mamman ya yi dariya har da buga cinya.

"Kai? Malam Littafi? Kai da ka tsaya kallon girgije jaki ya cinye maka hula? Ranar da ka sauka Kaduna mota za ta bi ta kanka kana karanta allon shago."

Duk aka yi dariya, har Baba ya murmusa. Na ji haushi ƙwarai a lokacin. Taron ya watse ba a yanke komai ba.

Ku sani, Yaya Mamman shi ne manomin gidanmu. Huɗarsa in ka hanga daga nesa kamar an ja da zare. Yakan ɗebi ƙasa ya shinshina ya ce gero za a sa nan, ba dawa ba, kuma haka ɗin ne. Gayaunarsa tana arewa da rafi, ya yi shekaru yana kai mata taki a mangala, ya kewaye ta da gamba, ya dasa zogale a kusurwa don matarsa Yaya Hajo. Ko kasuwar Ƙanƙara ba ya son zuwa, wai hayaniya tana sa masa ciwon kai. Shi ya sa da ya zo bayan 'yan kwanaki ya durƙusa gaban Baba a zaure, ina gefe ina gyaran ƙotar fartanya, na zaci kunnena ne bai ji daidai ba.

"Baba, ni na gaji da noma. Ina so in tafi Kaduna."

"Ka gaji da mi?"

"Da noma. Sa'o'ina duk sun sayi babur. Ni kullum daga kunya sai kunya. Ina so in ga duniya ni ma, in sa rigar shadda."

Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Mamman, kai ke faɗin haka?"

"Ni ne, Baba."

"Babur."

"I, babur. Ja nake so."

"Ka bar ni da tsufa, ka bar ƙannenka, don babur ja."

Yaya Mamman bai ɗaga kai ba. Ya ce gayaunarsa kuma a ba duk wanda aka ga dama, shi ba ya bukatarta. Baba ya tashi ya shige gida. Tun daga ranar bai ƙara yi masa magana ba sai amsa gaisuwa. Labari ya bazu a gari. A bakin masallaci dattawa suna girgiza kai suna cewa zamani ya lalace, tun da har ɗan Malam Bawa na fari ya bi kuɗi. Mata a rijiya suka ce Hajo ce ta zuga shi don tana son gidan kwano. Yaya Hajo ta ji, ta yi kukanta a ɗaki, ba ta tanka wa kowa ba.

Ni ma na yarda. Na yi fushi da shi, kuma a ƙarƙashin fushin ina murna, don na san wa za a ba gayaunar.

Ana gobe zai tafi, da hantsi, ya ce in zo in raka shi gona. Muka zagaya gayaunar yana nuna mini. Nan ruwa ke kwanciya, in sa dawa. Can tudu ne, gero da wake. Wannan kusurwar gara ta yi yawa, in riƙa zuba toka. Kada in yanke gambar gabas gaba ɗaya, ita ke tare ƙasa in rafi ya kawo. Yana magana yana shafa kan zogalen kamar kan yaro. Na tsaya na dube shi, sai wani abu ya faɗo mini.

"Yaya, wanda ya gaji da noma ba ya magana haka."

"To ya yake magana, Malam Littafi?"

"Ko keke ba ka iya hawa ba. Mi za ka yi da babur?"

Ya yi dariya, sannan ya zauna a kan kunya ya ce in zauna.

"Sani, in kai ka tafi, baki ɗaya ya ragu a tukunyar Inna, kuma ka rasa yarinyar nan, don Malam Isa ba zai ajiye ta yana jiran mai kallon girgije ba. In ni na tafi, ni da Hajo da yara, gida guda ya ragu. Ga gayauna ta fito ba a taɓa saura ba. Gandu ya samu ya huta. Ka ga wata hanya ban da wannan?"

"To don mi ba ka gaya wa Baba haka ba? Ka bari yana fushi da kai, gari na zaginka."

"In na ce da shi ƙasarsa ce ta kasa ɗaukarmu, gobe da asuba zai sa garma a saura ya ce in zauna. Ka san shi. Kuma ko ya bar ni na tafi, zai ƙare rayuwarsa yana ganin ya kasa ciyar da ɗiyansa. Gara ya yi fushi da ni. Fushi yana hucewa."

Na fara kuka, ni da na yi niyyar zama jarumi. Ya bar ni na yi, sannan ya dungure mini kai.

"Ka riƙe bakinka. Ko Saude kada ka gaya wa sai bayan ran Baba. Kuma don Allah kada ka ƙara kai wa mace ciyawa."

Washegari na ɗora kayansa a jaki zan raka shi bakin titi. Ya shiga ya durƙusa wa Baba. Baba yana zaune a kan buzu, ya ce, "Allah shi kiyaye hanya," bai ƙara ba. Amma da muka yi nisa muka tsaya gyara kaya, sai muka ga an cusa wani abu a bakin buhu: zangarniyoyin dawa ne, daga cikin waɗanda Baba ke zaɓa da hannunsa ya rataye a ƙarƙashin rufin ɗakinsa don iri, waɗanda ko Inna ba ta taɓawa. Yaya Mamman ya riƙe su ya juya mini baya na ɗan lokaci. Sannan ya mayar da su cikin buhu ya ɗaure. Shekaru bayan haka na tambayi Inna ko Baba ya gane. Ta ce, "Mutum ya haifi ɗa bai san shi ba? Amma tun da yaron ya zaɓi ya rufa masa asiri, shi ma sai ya rufa wa yaron nasa."

Da bazara Yaya Hajo da yara suka bi shi. Malam Isa ya zo ya zagaya gayaunar, ya ɗebi ƙasa ya murza, ya ce madalla. Aka ɗaura aurenmu kafin shuka. Ranar da Saude ta fara kawo mini abinci gona, ta tsaya ta dubi huɗata ta ce kamar maciji ne ya bi ta wurin, ta karɓi garma ta nuna mini. A shekarar aka koma saurar ɗinya, aka saki rabin gandu ya huta, kuma dawar da aka yi a gindin ɗinyar nan har yau ban ga irinta ba. Baba yakan je ya tsaya a ciki, ba a ganin ko hularsa.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da Yaya Mamman ya saya mana shekaru ne kawai. Ƙannena suka girma suka yi aure, ku kuka zo, 'ya'yan kowa suka zo. Takin zamani ya shigo a buhu, mutane suka ce an daina hutar da gona. Bayan rasuwar Baba gandu ya watse, aka raba ƙasa, saura ta shiga rabo. Wasu daga cikin danginmu suka tashi suka nufi dajin Sabuwa suka sari sabuwar gona, ba a daɗe ba can ma gonaki suka haɗe da juna. Da aka yi rabon gado, Yaya Mamman ya zo ya karɓi kasonsa a gaban shaidu, wato gayaunar nan da abin da ke gefenta, sannan ya juyo ya ce da ni in ci gaba da nomawa, in yaransa sun taɓa bukata sai a yi magana. Wannan ita ce ƙasar da ke arewa da rafi, wadda kuke nomawa yanzu kuna kiranta tamu. Ku riƙe wannan da kyau. Ranar da wani daga cikin 'ya'yansa ya zo, kada ku bari sai ya roƙa.

Shi kuwa a Kaduna ya ɗauki siminti a ka har wuyansa ya ƙage, sannan ya koyi birkila. Da kuɗin mai suka ja baya gine-gine suka tsaya, ya koma gadi a wani gida. Bai taɓa sayen babur ba. Na ziyarce shi wata damina, na same shi a bayan katangar gidan da yake gadi, a wani ɗan fili tsakanin bango da kwata wanda bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Ya yi huɗa a wurin, miƙaƙƙiya kamar an ja da zare, dawa ta fi katangar tsawo. Jikokin zangarniyar Baba ne, kowace shekara yana ajiye iri. Ya nuna mini wani gefe da ya bari ciyawa ta rufe.

"Nan fa?" na ce.

"Saura ce," ya ce. "Bana hutu take."

Da tsufa ya kama shi, idonsa ya yi hazo, Yaya Hajo kuma ta riga shi rasuwa, sai ya ce a kawo shi gida. Mahaifiyarku ta share masa ɗakin da ke kusa da namu, ita ke dama masa fura da hannunta, don tun bayan rasuwar Baba na gaya mata komai. Wasunku kun tuna tsohon da ke zama a bakin zaure yana tambayar duk mai wucewa ko an yi ruwa a gabas. Wata safiya a ƙarshen damina ya ce in kai shi gayauna. Na riƙe masa hannu muka tsallake rafi a hankali. Zogalen babu, gambar gabas ma babu, an raba wurin ƙanana-ƙanana tsakaninku. Ya tsuguna yana laluba gindin dawa, har yatsunsa suka taɓa wani siririn tsiro. Ya tsaya.

"Sani, wanga mi ne ne? Yana da fure?"

"Yana da shi, Yaya."

"Da yawa?"

"Har ƙarshen kunya."

Ya tuge shi a hankali da saiwarsa, ya miƙo mini.

"Ungo. Kai wa Saude, ka ce in ji ni ta sa a murhu."

Ya matsa gaba da gwiwa ya laluba na biyu. Na tsuguna a kunyar da ke gefensa, muka yi ta cirewa har rana ta ɗaga, sannan na ce ya isa haka, ya ce saura kaɗan.

Bai ga kakar shekarar ba. Maƙabartar garin ta cika tun kafin lokacin, an buɗe sabuwa a arewa da rafi, don haka kabarinsa yana kallon gayaunarsa, in ka tsaya a kansa kana jin ganyen dawa yana motsi. Irin da ya dawo da shi daga Kaduna yana rataye a ƙarƙashin rufin ɗakina, a cikin tsumma. Na ce da mahaifiyarku kada kowa ya taɓa shi sai ranar da 'ya'yansa suka zo.